Shekarar da Na Aika da Liyarin Inna

Akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a bayan idona, kuna tsammanin ban ji ba. Tsufa ya rage mini ƙarfin hannu, ya rage mini gani, amma kunnena lafiyarsa ƙalau, da shi na ci abinci shekara da shekaru a maƙera. Kuna cewa ɗan'uwanku Nasiru ne ya raba Gwaggonku Kulu da liyarinta saboda kwaɗayin kuɗin Turawa, har ta rasu ba ta sake riƙe shi ba. Rabin maganar gaskiya ne, ta rasu ba ta sake riƙe shi ba. Ɗaya rabin kuwa ƙarya ce, kuma ni na bar ta ta yi girma a gidan nan don tana rufa mini asiri. Yau zan faɗa muku yadda aka yi, tun ƙasa ba ta rufe idona ba.

Ƙananan cikinku ba su ma san mene ne liyari ba. Tsohon kuɗin azurfa ne, babba, mai cika tafin hannu. A gefe ɗaya akwai kan wata sarauniya mai kumatu da lulluɓi, a ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu. Fatake ne suka riƙa shigowa da shi tun kafin a san sule da sisi, daga baya ya daina sayen komai, ya koma abin ado a wuyan mata da gashin Fulani. Kakanku, mahaifina, maƙerin farfaru ne, wato mai ƙirar azurfa, ba na fartanya da gatari ba. Daga wajen Argungu ya taso yana saurayi ya zauna nan Zuru, ya ga wata yarinya 'yar ƙabilar Lelna daga wani ƙauye a hanyar Ribah, ya ce ita yake so. Iyayenta suka ce ba su ƙi baƙo ba, amma ba a ɗaukar ɗiyarsu sai an yi golmo, noman da saurayi kan yi wa surukinsa damina bayan damina kafin a ba shi mata. Mutumin da hannunsa ya saba da zobe da awarwaro ya shiga gona cikin samarin da suka tashi da garma a hannu. Sun yi masa dariya har sun gaji. Bai gudu ba. Ranar da aka kawo masa amaryar, wato Inna mahaifiyarmu, ya ɗauko liyarin da wani Bafulatani ya biya shi da shi, ya liƙa masa maratayi, ɗan zoben nan da ake zura igiya, ya rataya mata a wuya da hannun da duk ya yi kanta.

Tun daga ranar, kowace Juma'a da hantsi Inna kan zauna a gindin turmi ta yanka lemun tsami, ta dangwali toka, ta goge liyarin har ya yi fari tas. Haka matan wancan zamani suke yi wa azurfarsu, wadda ta bar tata ta yi baƙi ƙazama ce. Sauran kwanaki kuwa, in abu ya dame ta, ba ta da yawan magana, sai ka ga hannunta ya tafi wuya, babban yatsanta yana murza kuncin sarauniyar nan. Ta haifi tara, ta binne biyar, saboda haka yatsan bai huta ba. Kafin in yi wayo kuncin ya riga ya faɗa, ya yi ɗan rami daidai zaman yatsa.

Da wannan liyarin mahaifina ya koya mini sana'a. Yakan karɓe shi daga wuyan Inna, ya zare igiyar, ya sake shi a kan uwar maƙera, ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru. Azurfa ta gaskiya amonta yana da tsawo, yana tafiya yana sirancewa har sai ka rasa inda ya ƙare. Wadda aka cuɗa da dalma kuwa sai ta ce ƙwas ta mutu nan take. Yakan ce mini:

"Garba, riƙe amon ga cikin kanka. Duk abin da anka kawo ma, ka auna shi da wanga."

Haka na yi. Akwai dutsen gogawa, akwai sikeli, duk ina da su, amma duk azurfar da na taɓa yanke wa hukunci a kasuwar Zuru da wannan amon na gwada ta. Fulani sukan taso tun daga Wasagu da Dirin Daji su kawo mini kayan matansu, in na ce azurfa ce an gama magana. Ina alfahari da wannan, kuma alfaharin ya yi mini yawa, yanzu na sani.

Da Inna ta rasu liyarin ya koma hannun Yaya Kulu, ita ce babba. Ku kun san ta tsohuwa mai kaifin baki wadda ba a wuce ƙofar ɗakinta ba a sha tsiya ba. Ni na san ta tun tana goya ni zuwa rafi, tana dukan duk yaron da ya kira ni ɗan baƙo. Bayan rasuwar mijinta idonta ya fara tafiya a hankali har ya tafi duka, na dawo da ita gidan nan, ɗakin da ke kusa da zaure. Ba ta taɓa kuka da makanta ba. Takan ce ta huta da ganin munin fuskata. Abin da ba ta saki ba shi ne Juma'ar Inna. 'Yarta Asabe kan kawo mata lemun tsami da toka, ta zauna a bakin ƙofa ta goge liyarin da ba ta ganin haskensa, sannan ta mayar wuya. Yatsanta ya gaji ramin na Inna ya ci gaba da shi.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama kaka, wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo cin kasuwa daga Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, ban ma riƙe shi ba. Ya shimfiɗa tabarma kusa da rumfata yana sayen tsofaffin takubba da tasoshi da kuɗaɗen da. Na ga abin da ake kawo masa, na yi tsaki, na ce ai bai ga azurfa ba tukuna. Ba wanda ya aike ni. Na hau babur na zo gida na aro liyarin daga wuyan Yaya, na koma na sake shi a kan maƙera a gaban mutane. Amon ya tashi yadda na san shi. Mutumin bai ko saurara ba. Ya ciro wani ɗan gilashi ya kafa a ido, ya juya liyarin, ya aza shi a kan ɗan sikelinsa mai batir, sannan ya taɓe baki.

"Baba, nauyinsa bai cika ba, kuma dubi fuskar, duk ta shafe. Irin wannan ƙirar gida ce. Maƙera irinku ne suke zuba su a da, su sayar wa Fulani."

"Ubana ya rataya wa uwata shi," na ce.

"To ai ka ji. Ba ka ce maƙeri ba ne? Allah ya jiƙansa, ya iya aiki. Yanzu duniya ba a aiki da kunne, takardar shaida ake tambaya. Amma in kana so in karɓa a kuɗin narkarwa, sai in taimaka maka."

Wani daga cikin 'yan kallo ya yi dariya, guda ɗaya tak, kuma gajeriya. Yau na gane dabarar ciniki ce kawai, ya kushe don ya saya da arha, haka suke yi a kowace kasuwa. Nauyin da ya ragu kuwa yatsun mata biyu ne suka cinye shi. Amma a ranar ban ji haka ba. Abin da na ji shi ne an ce mahaifina ya yi wa Inna golmo na shekaru sannan ya biya ta da jabu, kuma ni na ƙare rayuwata ina auna dukiyar mutane da amon ƙarya. Na mayar wa Yaya abinta ban ce mata komai ba. Kwana da kwanaki dariyar nan tana bina har cikin sallah.

Nasiru ya zo hutu daga Abuja ba da daɗewa ba. Na kira shi zaure na tambaye shi wace takarda ce wannan da ake magana. Ya ɗauki hoton liyarin gaba da baya da wayarsa, ya yini yana bincike, da la'asar ya dawo ya zauna a ƙasa ya yi mini bayani. Ya ce akwai kamfanoni a ƙasar waje waɗanda aikinsu ke nan. A kai musu tsohon kuɗi, masana su duba shi da gilashi, su tabbatar na gaske ne ko jabu, su ba shi lamba daga ɗaya zuwa saba'in gwargwadon yadda ya tsira daga hannun mutane. Wanda ba a taɓa kashewa ba, ba a taɓa gogewa ba, shi ne a sama. Daga nan su rufe shi cikin wani ɗan akwatin roba mai haske, su liƙe, da shaidar a ciki, ba mai sake taɓa shi. Ya ce ya san wani abokin aikinsa mai tara irin waɗannan kuɗaɗe, yana da hanyar aikawa. Sai kuma ya ajiye wayar ya ce:

"Amma Baba, da za ka ji tawa, da ka bar shi."

"Don mi?"

"Irin wannan liyarin an yi ta buga shi shekaru aru-aru, duk da fuska ɗaya da shekara ɗaya a jiki. Yana da yawa a duniya. Abin da za a kashe wurin aikawa ya fi abin da za a saye shi. Kuma na Gwaggo an goge shi, an liƙa masa maratayi. A wurinsu wannan duk lahani ne. Ko sun ce na gaske ne, ba za su ba shi lamba ba."

"Gogewar ta lahani? Tsabtar?"

"Haka suke gani. Sun fi son a bar shi da baƙinsa."

"Ni ba lamba nika so ba, ba kuma saida shi za ni yi ba. So nike su rubuta azurfa ta."

"Ai ka san azurfa ce, Baba. Wa ya fi ka sani a garin nan? Kuma zai yi watanni. Gwaggo ba za ta iya kwana ɗaya ba shi ba."

Ku ji da kyau, wannan shi ne abin da ɗan'uwanku ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce masa ban kira shi don ya ba ni shawara ba, aike zan yi. Ya sunkuyar da kai. Ya ce in dai za a aika sai an cire maratayin, don ba ya shiga akwatin da shi, kuma sai Gwaggo ta yarda. Na ce ya bar mini wannan.

Na san in na tambaye ta ba za ta yarda ba, za ta ma yi mini dariyar da ta fi ta kasuwa ciwo. Sai na tuna da maganar Nasiru, cewa duk fuskarsu ɗaya. A cikin gwangwanin da nake ajiya akwai wani liyari da wata Bafulatana ta sayar mini tun da daɗewa don in narkar, na kasa narkarwa. Shi ma ya sha hannu, ya yi sumul. Washegari da safe na tsaya a ƙofar Yaya na ce mata na lura maratayin ya yi laushi, kada wata rana ya tsinke a hanya, ta kawo in ƙara masa liƙi. Ta cire ta miƙo ba ta ko yi tambaya ba, sai tsiyar da ta saba.

"Ka yi a hankali. Aikin Baba na, ba irin naka ba."

Na kai maƙera, na hura wuta, na ɗaga maratayin da mahaifina ya liƙa da hannunsa. Na bi wurin da magagari mai laushi, na goge har ni kaina ban ga tabo ba, ina jin daɗin gwanintata. Sannan na liƙa maratayin nan a jikin liyarin Bafulatana, na zura tsohuwar igiyar. Lissafina shi ne, makauniya da hannu take gani, in ta ji maratayin da ta sani da igiyar da ta sani, shi ke nan. Kafin azahar na dawo na sa mata shi a tafin hannu. Ta rufe hannun. Na ga babban yatsanta ya motsa sau ɗaya, ya tsaya.

"Ka gyara?"

"Na gyara, Yaya."

"To. Allah shi yi ma albarka."

Ta rataya a wuya. Na fita ina cewa a raina na tsira. Da Nasiru zai koma na ba shi liyarin Inna a naɗe cikin tsumma, ya tambaye ni ko Gwaggo ta yarda, na ce ta yarda. Ƙarya biyu ke nan cikin kwana biyu, ni da nake taƙama ba a taɓa kama ni da ha'inci a sikeli ba.

Juma'a ta zo, Asabe ta kawo lemun tsami da toka, Yaya ta goge abin wuyanta kamar kullum. Juma'a ta gaba ma haka. Abin da na lura da shi kawai, ta rage yi mini tsiya. In na gaishe ta takan amsa da kyau, ta tambayi kasuwa, shi ke nan. Na ɗauka tsufa ne. Ni kuwa hankalina yana can, duk mako sai na kira Nasiru, ya ce abokin ya miƙa, ya ce an karɓa, ya ce yana cikin layi. Wata uku, wata huɗu. Da zafin bazara ya tsananta ƙafafun Yaya suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Muka kai ta asibiti, aka ba da magani, aka ce zuciya ce ta gaji, a kai ta gida a kula da ita. Wata ranar Juma'a da hantsi na shiga duba ta, na tarar Asabe ta jingina ta da bango, ga lemun tsami ga toka a gabanta, amma ba ta taɓa su ba. Ta ce wa Asabe ta je ta ɗora mata kunu. Da ta ji tafiyarta ta yi nisa, ta ciro liyarin ta riƙe shi ta igiya.

"Garba, zamna. Baƙon ga da ka aje min, na yi mai hidima iyakar ƙarfina. Yau hannuna ya gaza. Ina na Inna?"

Ta ɗora yatsa a kan fuskar sarauniyar ta ci gaba.

"Maratayin na Baba na, igiyar tawa ta. Amma wagga mata kuncinta cike yake. Ba ta san wahala ba."

"Tun yaushe kinka gane?"

"Tun kana tsaye gabana."

"Mi ya hana ki magana, Yaya?"

"Tun da anka haife ka ba ka taɓa yi min ƙarya ba. Na ce abin da ya sa ka fara da furfura, ba ƙarami na ba. Na zaci bashi ya kama ka ka saida, kana jin kunya. Sai na ce bari in jira ka gaya min da bakinka. Kullum ka shigo gaisuwa sai in ce yau za shi faɗi."

Da bashin ne da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a gabanta na ba ta labari duka, mutumin Kano, dariyar, takardar, akwatin roba. Ta saurara har na gama. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan hantsin ba, don da na faɗi abin da bakina, ni kaina na ji ƙanƙantarsa. Ba ta yi faɗa ba, kuma na so ta yi.

"Kai da Baba ya sa ma amon ga cikin kunne tun ba ka iya ɗaura wando ba, wa kaka so shi gaya ma azurfa ta? Mutanen da ba su san Inna ba?"

"Na yi kuskure, Yaya. Ki gafarce ni."

"Na gafarta ma, wawan banza. Ce musu su maido shi. Ba ni son lamba. Yatsana ya rasa wurin zama."

A gabanta na kira Nasiru. Sai a ranar ya ji cewa Gwaggonsa ba ta taɓa yarda ba. Ya ce zai yi iyakar ƙoƙarinsa. Kuma ya yi. Ya rubuta musu, ya roƙi abokin, ya ce zai biya ko nawa ne a gaggauta. Aka ce an riga an duba an rufe, yana cikin kayan da za a mayar gaba ɗaya wa dillalin da abokin ya bi ta hannunsa, kuma wanda zai riƙo shi zuwa ƙasar nan ba zai taso ba sai bayan wasu makonni. Abin da na saki da hannuna cikin rabin yini, duk gidanmu muka kasa jawo shi. Kowace safiya in na shiga, kafin ta amsa gaisuwa takan tambaya:

"Ya iso?"

Ni kuma in ce yana hanya. Wannan karon gaskiya nake faɗa, amma ba ta da amfani. Daga baya ta daina tambaya. Ta rasu ranar da aka yi ruwan farko, da la'asar, Asabe tana riƙe da kanta. Da mata za su yi mata wanka suka tarar da hannunta a wuya, a rufe kan liyarin Bafulatana.

Liyarin Inna ya iso bayan sadakar arba'in da kwana shida. Nasiru da kansa ya kawo shi. Yana cikin robarsa mai haske, an liƙe ta ko'ina, da 'yar takarda a sama da rubutun Turanci. Na ce ya karanta mini, kada ya sassauta. Ya ce sun rubuta na gaske ne, azurfa ce. Sun rubuta an goge shi. Sun rubuta an cire masa maratayi, wato tabon da na rantse ba mai gani sun gan shi. Ba lamba. Duk yadda yaron nan ya faɗa mini a zaure, haka ya fito, ko ɗaya bai kuskure ba. Na sami abin da na nema. Na sa shi a aljihu na tafi kasuwa, na zauna a rumfata ina duban inda mutumin ya shimfiɗa tabarmarsa, wata mai tumatir ce a wurin. Na tambayi maƙwabcina ko ya tuna ranar da wani Bakano ya kushe liyarinmu. Ya yi tunani ya ce wane Bakano. Ban ciro robar daga aljihu ba.

A kwanakin ne kuka fara maganarku. Kun ga Nasiru ne ya tafi da shi, Nasiru ne ya dawo da shi a robar Turawa, sai kuka haɗa labarin da kanku. Wasunku sun daina kiransa a waya. Ya san gaskiya, kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, amma wanke kansa tona ni ne, sai ya haɗiye. Ni kuma ina ji ina gani na bar shi da kayan. Na cuci Yaya wata biyar, na cuci ɗana shekaru. Nasiru, a gaban 'yan'uwanka nake neman gafararka, ku kuma ku nemi tasa.

Asabe ce ta zo ta same ni a maƙera bayan mako guda, ta ce tana so ta ga abin uwarta. Na miƙa mata. Ta juya robar, ta kai yatsa daidai kuncin sarauniyar, yatsan ya zame a kan roba. Ta sake gwadawa. Sai ta miƙo mini.

"Kawu, wanga ba a taɓa shi?"

"In an buɗe, shaidar ta lalace."

"To a bar shi wurinka. Ni ban san abin da zan yi da shi ba."

Ta juya za ta tafi na ce ta tsaya. Na aza robar a kan uwar maƙera na ɗauki guduma. Ba ta fashe da wuri ba, sun iya liƙi, sai a bugu na uku. Na ciro liyarin na sake shi, amon ya tashi ya yi tafiyarsa yadda yake yi tun ina yaro, Asabe ta sa gefen zane ta rufe fuska. Na hura wuta na ɗago maratayin mahaifina daga jikin baƙon na mayar da shi gidansa. Shi ne wanda kuke gani a wuyanta yau. Duk Juma'a tana goge shi da lemun tsami da toka, kuma duk wanda ya yi boko a cikinku ya ce mata tana rage masa daraja, ni da shi ne. 'Yar takardar tana cikin gwangwanina, wanda yake so ya karanta. Ba su yi ƙarya ba, aikinsu suka yi, kuma sun iya shi. Wanda ya tarar da tsohon kuɗi a ƙasa ba shi da mai ba shi labarinsa, ya kai musu. Namu yana da masu ba da labari, ɗaya tana zaune a ƙofar zaure, na tsallake ta na tafi tambayar baƙi.

Saura baƙon. Da na cire masa maratayi zan jefa shi cikin gwangwani, sai hasken ƙofa ya faɗa a kansa, na ga abin da ban lura da shi ba. Ko'ina a jikinsa yana nan yadda na san shi, ban da kuncin sarauniyar. Wurin ya yi wani irin santsi, ya ɗan kwanta kaɗan, wanda ba maƙeri ba ba zai gani ba. Wata biyar tana murza shi, tana neman ramin da babu, tana jira in shigo in faɗi gaskiya.

Yana aljihun rigata, nan za ku same shi ranar da za ku tuɓe ni. Kada wanda ya kai shi ko'ina a duba. Na riga na duba shi da kaina. Azurfa ce, an goge ta, kuma wadda ta goge ta ta san ba tata ba ce.